Ruwa Ba Ya Tambayar Wane Ne Ɗan Gari



A daminar da ta wuce, ranar da ruwa ya kwana a layinmu, na haɗu da wani dattijo da katifa a ka, ruwa har gwiwa, jikansa na biye da shi da tukunya da ƙullin gari. Na karɓi katifar muka fito bakin titi. Da muka tsaya muna mai da numfashi sai na ce, "Baba, abin nan fa kusan duk shekara ne. Ba za mu zauna mu san abin yi ba?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Yaro, ai nan ba garinmu ba ne. Kwana nawa za mu yi?"

Wannan bawan Allah shekararsa 30 da 'yan kai a Ikko. A nan ya aurar da 'ya'yansa. Jikan da ke biye da shi Yarbanci ya fi kama bakinsa a kan Hausa, Kano kuwa a waya kawai yake ganinta. Amma har gobe Baba yana lissafin kansa cikin 'yan ci-rani. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, don maganar ba tasa ba ce, tamu ce gaba ɗaya. A majalisa ana yin ta, a kasuwa ana yin ta, a ƙofar masallaci ma ana yin ta. Da wannan magana nake rigima yau, domin a ganina ta fi ruwan kansa yi mana ɓarna.

Da yawanmu ba mu ma san daga ina ruwan yake zuwa ba. Za ka ga rana tsaka, sama wasai, kwana uku ba a yi ko yayyafi ba, amma ruwa na tasowa a hankali ta bayan gida kamar ɓarawo. Wannan ba ruwan sama ba ne, na kogi ne. Kogin Ogun ya taso tun daga jihar Oyo, ya ratsa Abeokuta, ya biyo ta Kara da Isheri, ya bi ta bayanmu ya faɗa lagun, babban ruwan Legas da ke haɗe da teku. Can gaba da Abeokuta akwai madatsar ruwa ta Oyan, wadda marigayi Shehu Shagari ya buɗe a 1983, tana riƙe ruwa kubik mita miliyan 270. In damina ta yi ƙarfi dam ɗin ya cika, masu kula da shi sukan buɗe ƙofofi su rage, galibi a watannin Satumba da Oktoba. Ruwan da suka saki ba shi da wata hanya sai tamu. Shi ya sa duk shekara in an yi gargaɗi sunayen ba sa canjawa: Kara, Isheri, Agiliti, Mile 12, Owode, Ajegunle ta hanyar Ikorodu, Agboyi.

Ana yawan zagin masu dam, ni ma na taɓa yi. Amma mu yi adalci. In ba su rage ba ya fashe, sai yaya? Mun ga amsar a Maiduguri ranar 10 ga Satumban 2024, lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare. Rabin gari ya nutse, ruwa ya shiga asibiti da kasuwa da gidan yari, ya kashe mafi yawan dabbobin gidan zu, ya kwaso kadoji da macizai ya kai su cikin unguwanni. Gara a sake shi kaɗan-kaɗan, muna gani, da ya zo mana gaba ɗaya muna barci.

Ruwan sama kuma nasa hali ya canja. Wanda ya daɗe a nan ya san tsarin da: ruwa mai ƙarfi a Yuni da Yuli, a ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba. Yanzu sai a yi kwanaki ana zafi kamar a tanda, rana ɗaya a sauke ruwan da ya isa na mako biyu. Masana yanayi sun ba da dalili, kuma ba mai wuyar ganewa ba ne: duniya tana ƙara zafi, iska mai zafi kuwa ta fi ɗaukar danshi, kusan kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya da aka ƙaru. Abin da ta ɗauka da yawa, da yawa za ta sauke. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta lissafi. Waɗanda suka ga ranar Lahadi 10 ga Yulin 2011 ba su manta ba, ruwa tun safe har dare, an rasa rayuka. Ranar 3 ga Yulin 2024 ma motoci sun yi iyo a Iyana Oworo. Ga shi teku na ƙara tudu, in lagun ta cika ta tumbatsa, kwata ba ta da inda za ta zubar da nata, sai ya dawo mana ta ƙofar gida.

To, duk wannan ba mu muka yi ba. Ba mu muka gina dam ba, ba hayaƙin masana'antunmu ne ya ɗumama duniya ba, mu da ko janareto ba kowa ke da shi ba. In a nan maganar ta tsaya da na ajiye biro. Amma akwai abu guda da ke tsakaninmu da ruwan nan tun fil azal, wanda shi ne garkuwar unguwar, kuma da hannunmu a cikin kashe shi.

Fadama nake nufi.

Tambayi duk wanda ya sauka Mile 12 shekara 40 da suka wuce me ke bayan kasuwa. Zai ce maka daji ne da ruwa. Tukurwa, ciyayi masu tsayi, itatuwan nan masu saiwa a waje da ke tsaye cikin taɓo, kwaɗi na kuka har ba ka jin maganar na kusa da kai. Yara na kama tarwaɗa da ƙaguwa, balbela da zalɓe na kiwo. Mu da muka zo daga tudu kallon wurin banza muka yi masa, gidan sauro, wurin da ba mai shi. Alhali aiki yake yi dare da rana ba albashi. In kogi ya yi ambaliya fadama ce ke buɗe baki ta shanye, ta riƙe ruwan kwana da kwanaki, ta riƙa sakinsa a hankali zuwa lagun. Ciyayin suna rage masa gudu, taɓon yana tace dattinsa, kifi na zuwa su yi ƙwai a ciki. Kamar soso ne aka shimfiɗa tsakanin kogi da gari. Kowace taku ɗaya ta fadama da aka cike, ruwan da yake kwana a wurin ba ɓacewa ya yi ba. Wani wurin kwana zai nema, kuma ɗakin wani ne.

Yaya ake cike ta? Kowa ya sani, kada mu yi kamar ba mu sani ba. 'Yan omonile su nuna maka ruwa su ce fili ne, ka biya ba takarda. Ba ka da kuɗin tifar yashi, sai ka kira masu baron shara ka ce su riƙa juyewa a nan. Leda, ruɓaɓɓen tumatir, tsofaffin kwanduna, robar fiya-wata, ɓawon albasa. Wata shida wuri ya yi tudu, a watsa jar ƙasa a kai, a kafa katako, a rufa kwano. Ga ɗaki, har da na haya. Na bayanka ya ga ka ci riba, shi ma ya matsa gaba cikin ruwan. Da haka da haka aka ci fadamar kamar yadda gara ke cin zana, har aka wayi gari masu ɗakin farko, waɗanda ruwa bai taɓa shiga wa ba, su ne yanzu ke ɗora gado a kan bulo.

Kuma bola ba ƙasa ba ce. Tana ruɓewa, tana zaunawa, ɗakin yana nitsewa kaɗan-kaɗan. In ruwa ya zo sai ya jiƙa abin da aka binne, ya haɗa da na masai, ya kai shi rijiyar da 'yan garuwa ke ɗiba. A watan Yunin 2024 cutar kwalara ta ɓarke a Legas, ƙaramar hukumarmu ta Kosofe na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Sai ka ji ana cewa iska ce ta kawo. Wace iska?

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a fuska. Za a ce, "Kai, talaka ka gani? Je ka Isheri ka ga manyan gidaje da aka dasa a tsakiyar hanyar ruwa, da katanga da maigadi. Su wa ya hana?" Gaskiya ne, kuma ba zan rage mata komai ba. Abin da attajiri ke cikewa da tifa ɗari a mako guda, masu baro ba za su cike shi a shekara ba. Wani ne ya sa hannu a takardun waɗannan gidaje, kuma ba a cikin kasuwar gwari yake zaune ba. In ranar rusau ta zo kuma mun san ɗakin wa katafila ke fara taɓawa. Haka nan motar shara ba ta shiga lungunanmu, kuma yaron da ya baro ƙauye ba ko sisi, baro ne abin da ya samu, ko da yake gwamnatin jiha ta haramta sana'ar tun 2018. Duk na yarda. Sai dai attajirin nan in ruwa ya zo otal yake komawa, ko ya hau jirgi. Mu ne ke kwana a kan benci a bakin titi da 'ya'yanmu. Laifin da ya fi namu girma ba ya ɗauke mana namu, kuma ba ya ɗauke mana ruwan. Kai da ka miƙa wa yaro ɗari biyu ya kwashe sharar shagonka ba ka tambaye shi inda zai kai ba, ka san inda zai kai.

Wasu kuma da an fara maganar sai su rufe ta da "ikon Allah ne". Babu mai musu. Amma ban taɓa ganin dillalin da ya bar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya ce ikon Allah ne ba. Kowa kwaɗo biyu yake sa wa. A kan dukiya mun san dabara, sai a kan kwata ne muke tuna ƙaddara?

Mu dawo kan maganar Baba, wai nan ba garinmu ba ne. Abin da ke ƙarƙashinta shi ne akwai wani gida can Arewa da ke jiranmu, tudun mun tsira, in nan ta ɓaci mu tattara mu koma. Ina gidan yake? A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan 1 da gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wuya. Mutanen Haɗeja da Auyo da Ringim da ke cikinmu sun san nawa suka tura gida a shekarar. Maiduguri na faɗa. Ranar 29 ga Mayun 2025 ruwa ya auka wa Mokwa da asuba, ya kashe sama da mutum 150, kuma ɗaya daga unguwannin da ya share sunanta Unguwar Hausawa. Ku sake karanta sunan. Mutane ne irinmu, da suka sauka a garin da ba na kakanninsu ba don neman abinci, a kan hanyar da tirelolinmu ke bi zuwa Jebba da Ilori.

Can ma labarin fadama ne, ta wata fuskar. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru ta ciyar da manoma da masunta da makiyaya shekaru aru-aru, saboda ruwa na zuwa da lokacinsa ya janye da lokacinsa. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta canja. Kacalla ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, wani gefen ya bushe, wani ya zama ruwa ba ya janyewa, jan-baki suka samu maɓoya suna cinye shinkafa da gero. Nawa ne daga cikin 'yan dakon da ke Mile 12 yau 'ya'yan masunta da manoman wannan yanki ne da sana'ar iyayensu ta mutu a hannunsu? Sun gudo daga fadamar da ta lalace, sun zo suna taya mu lalata wata.

Kuma ko ba ka koma ba, abin da ya samu can yana iske ka a nan. A 2012 da 2022 ruwa ya datse hanyar Lokoja, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Mai kayan gwari ya san ma'anar kwana uku a hanya: kwandon da aka ɗora da kuɗi, a sauke shi da hanci a toshe. A 2016 tsutsar nan da aka laƙaba wa "ebolar tumatir" ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, kasuwa ta yi tsit. Mu gida biyu gare mu, kuma ruwa ya san hanyar duka biyun.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba rashin haɗin kai ke damunmu ba. Wallahi muna da shi fiye da mutane da yawa. In ɗan'uwa ya rasu, kafin la'asar an haɗa kuɗin likkafani da na mota. In an kama yaro, kafin dare an samu mai tsaya masa. 'Yan albasa da ƙungiyarsu, 'yan tumatir da tasu, 'yan tattasai, direbobi, 'yan dako, kowa da shugaba da ma'aji. Mata na adashe ba a taɓa jin kansu ba. Kowane layi da masallaci da lasifika. Wannan duk ƙarfi ne. Amma ƙarfin namu na bayan an mutu ne. Ba mu da ko asusu ɗaya da aka ware saboda ruwa, alhali mun fi sanin watan zuwansa a kan yadda muka san ranar ganin wata.

Dubi maganar gargaɗi kawai. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA tana fitar da na ambaliya, gwamnatin jiha tana sanarwa in za a saki ruwan Oyan. Galibi da Turanci ake yi, a talabijin da jarida. Matar da ke cikin gida a Agiliti, wadda ko Turancin buroka ba ta ji sosai, wa ya gaya mata? Mijinta ya fita tun ƙarfe huɗu na asuba ya tari mota. Muna da ɗaruruwan samari da suka yi boko, kowa da waya, kowa na cikin zauren WhatsApp goma. Hoton ɗan siyasa cikin minti biyar ya zagaye unguwa. A ce ba a samu mutum biyu da za a ɗora wa alhakin su juya sanarwar zuwa Hausa su kai wa limamai a faɗa bayan sallar magariba ba? Wannan ko kwabo ba ya ci.

Sai zaman unguwa. Kusan kowace unguwa a Legas tana da ƙungiyar ci gaban unguwa da ake kira CDA, a nan ake yanke maganar kwalbati da yasar kwata da wanda za a tura sakatariya. Je ka leƙa ranar taro ka ƙirga hulunanmu. Mukan ce ai na masu gida ne, mu 'yan haya ne. Shi ke nan sai a yanke ba mu, in an zo rubuta sunayen waɗanda ruwa ya ɓata wa kaya ba mu a takarda, mu koma gefe muna cewa an nuna mana bambanci. Wani lokaci an nuna ɗin, ba na musu. Amma mutum nawa a cikinmu ke da katin LASRRA na mazauna jiha? Wanda bai yarda a ƙirga shi ba ranar lafiya, da wane baki zai ce ba a ƙirga shi ba ranar wuya? A ambaliyar Oktoban 2010, da gwamnati ta kwashe mutanen Ajegunle da maƙwabta zuwa sansanin Agbowa, da suna aka shiga mota.

Akwai kuma abin da ba ma son tunawa. A watan Maris na 2016 rikici ya tashi a Mile 12 da Agiliti tsakaninmu da maƙwabta, an rasa rayuka, an ƙona gidaje, an rufe kasuwa. Ba ruwa ne ya haddasa shi ba. Amma duk wanda ya zauna a unguwa ya san yadda ƙananan abubuwa ke taruwa a zuciya: sharar wa ta toshe kwata, ginin wa ya karkato ruwa ɗakin wa. In ba a zauna an faɗe su a kan benci ba, wata rana a titi za a faɗe su. A Oktoban 2023 gwamnati ta rufe kasuwar Mile 12 da ta Owode Onirin saboda ƙazanta. Cikin 'yan kwanaki aka share, aka kwashe, aka yashe, har aka buɗe. Ashe za mu iya. Sai da aka taɓa aljihu muka tuna inda shebur yake.

Don haka ga abin da nake nema, kuma daga manyanmu nake nema, da girmamawa. Iyayenmu sarakunan Hausawa da shugabannin sassan kasuwa, ku sa a riƙa cire wani abu ƙanƙani a kan kowace mota da ta sauke kaya, daga Janairu zuwa Agusta, a ajiye shi da sunan ruwa kawai, da littafi a buɗe wanda kowa zai iya dubawa. Na ce a buɗe, don mun san yadda wasu asusun suka ƙare. Da shi za a yashe kwata tun a Mayu, a sayi maganin tsabtace ruwan sha, a yi magana da masu kwale-kwalen Agboyi tun kafin a buƙace su, ba ranar da farashi ya ninka ba. A san gidan da ke da tsohuwa, da mai ciki, da gurgu, a san makaranta ko masallacin da ke kan tudu da za a kai su. Sharar safiyar Alhamis ta kasuwa ta wuce bakin shago ta kai har kwatar baya. Samarin baro kuma kada a tsaya ga zaginsu, a zauna da su a nema musu wurin juyewa da motar shara ke iya isa.

Abu na ƙarshe shi ne mai wuyar, don akwai masu ci da shi. A daina cike abin da ya rage na fadama. Duk ɗan'uwan da ya zo da albishir ya samu fili da araha a bayan ruwa, kada a ce masa Allah ya sanya alheri a yi shiru. A gaya masa ruwan da zai kora ɗakin wa zai shiga. In muka tsaya a kan wannan, sannan ne za mu iya shiga gaban baale da shugaban ƙaramar hukuma tare da maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo, mu ce a tsayar da masu tifa, ba wanda zai nuna mana bolarmu ya ce mu fara da kanmu.

Baba ya koma ɗakinsa bayan kwana 12. Na je gaishe shi na tarar ya sa an ƙara wa dokin ƙofa bulo biyu, alamar ruwan bara na nan a bango, ta wuce ta shekarar da ta gabata da kusan taƙi ɗaya. Na tambaye shi ko zai zo in an kira taro a kan maganar asusun. Ya ce in limamin layi ne ya kira zai zo. Na je wurin liman, ya ce in shugabannin kasuwa sun yarda zai sanar. Shugabannin kasuwa kuma sau biyu ina zuwa ana ce mini ana sauke kaya, in dawo.